Maɓallan nan biyu ba don ado aka sa su ba

Wani abokina da ke zaune a Bukoki ya sayi ampili na hannu, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti ta tura wa lasifika, ƙirar Japan, irin waɗanda ke iso mu bayan sun gama aiki a gidajen Turai. Ya daɗe yana tara kuɗinsa, don haka ranar da ya haɗa shi da lasifika biyu sai ya kira ni in zo in ji. Ɗakin nasa daɓen siminti ne, bango siminti, sama kwano, lasifikokin kuwa ya tura kowace cikin kusurwa, domin nan kaɗai gado da akwatunan kaya suka bar musu. Da ya sa waƙa, ganga ta cika ɗakin har ƙofar ƙarfe tana kaɗawa, muryar mawaƙin kuma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Na miƙa hannu wajen maɓallan nan biyu na Bass da Treble zan rage kaurin sautin, sai ya riƙe mini yatsa.

"A'a, malam, bar shi. A Direct yake. Waɗanda suka san sauti ba sa taɓa waɗannan."

Tsakanin ƙofarsa da tabarmar ƴan fadar layinsu bai fi taku ashirin ba. Su ma suna da nasu akwatin kiɗa kusa da butar shayi, sun murɗa kowane maɓalli har inda ya tsaya, kauri a ƙarshe, kaifi a ƙarshe, akwatin yana gurnani kamar an shaƙe shi. A layi ɗaya ke nan na ga mutanen da suka saɓa wa juna gaba ɗaya, kuma duk cikinsu babu wanda ke jin waƙar da ya sa. Ra'ayina shi ne a yi amfani da maɓallan, a gidajenmu ma sun fi zama dole, amma mafi yawan lokaci hagu ya kamata hannu ya nufa, wajen ragewa. Zan fi daɗewa a kan abokina, domin kuskurensa ya sa rigar ilimi, kuma irinsa ne ke yaɗuwa yanzu tsakanin masu karance-karance a intanet.

Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga girgiza 20 a daƙiƙa har zuwa 20,000. Na ƙasa shi ne kauri, irin rugugin babbar ganga da tsawa daga nesa. Na sama shi ne kaifi, irin ƙarar caki, tafi, da sautin "s" a bakin mai magana. Maɓallin da aka rubuta wa Bass yana ɗaga ko sauke ɓangaren ƙasa, na Treble yana yin haka ga ɓangaren sama, kuma a galibin ampili na gida kowanne yana iya ƙarawa ko ragewa da kimanin desibel 10 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), a wajen girgiza 100 ga na farko, 10,000 ga na biyu. Tsarin da akasarinsu ke bi wani injiniya ɗan Ingila ne, Peter Baxandall, ya wallafa shi a mujallar Wireless World a 1952. Alherin tsarin nasa shi ne idan maɓallan suna tsakiya, sautin yana wucewa kusan kamar babu su.

Shi kuwa maɓallin Direct da abokina ya danna, kowane kamfani da sunan da ya ba shi. Yamaha na cewa Pure Direct, Marantz na cewa Source Direct, NAD na cewa Tone Defeat. Aikinsa ɗaya ne: ya zagaye da sautin ta gajeriyar hanya, ya tsallake maɓallan kauri da kaifi, ko ka murɗa su ba za su yi komai ba. Masu wannan aƙida suna da hujja, kuma ba na son in rage mata nauyi. Sun ce duk abin da aka ƙara a kan hanyar sauti yana iya ƙara ɗan hayaniya ko ɗan gurɓata, sun ce wanda ya haɗa waƙar a situdiyo ya riga ya yanke yawan gangar da yake so, mai sauraro ba shi da hurumin sake masa aiki. Wasu kamfanonin Ingila irin su Naim sun tafi da wannan magana har suka yi ta ƙera ampili da babu maɓallan sam. Amma a Ingilar dai, kamfanin Quad ya ɗauki wata hanya, ya sa maɓalli guda mai karkata sautin gaba ɗaya, ya ɗan ɗaga sama ya ɗan sauke ƙasa ko akasin haka, don ya san faifai ya bambanta da faifai, ɗaki ya bambanta da ɗaki. Ashe ko a can ba a taru a kan magana ɗaya ba. Mu ne aka kawo wa rabi muka riƙe kamar duka.

Abin da na fara ce wa abokina ke nan: kana tsoron ɗan canjin da maɓallin zai yi alhali yana tsakiya, canjin da da wuya kunnenka ya kama, ga ɗakinka yana yi wa sautin abin da ya ninka wannan sau da yawa kana kallo. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. A ɗakin da tsawonsa mita 4 ne, sautin da ke girgiza wajen 43 a daƙiƙa yana dacewa daidai tsakanin bango da bango, yana kai da komo yana taruwa, haka ma ninkinsa, 86 da 129. Faɗin ɗakin yana da nasa, tsayinsa yana da nasa. Shi ya sa wanda ke zaune jingine da bango yake jin ganga na dukan ƙirjinsa, wanda ke tsakiyar ɗakin kuma yake cewa babu bas. Bambancin desibel 10 ko fiye tsakanin kujera da kujera ba baƙon abu ba ne. Lasifikar da aka manna da bango tana ƙara kauri, wadda aka cusa a kusurwa ta fi ƙarawa, domin bango biyu da ƙasa duk suna mayar da shi. Siminti da kwano da gilashi ba sa shan sauti, jefo shi suke yi. To a irin wannan ɗaki, ina sautin da mai situdiyo ya nufa? Ya ɓace tun kafin ya iso kunne, ko fitilar Direct na kunne ko tana kashe.

Gaskiya ce maɓallin kauri ba ya cire wannan taruwar ita kaɗai. Wuƙa ce mai faɗin baki, tana yanke duk ɓangaren ƙasa tare. Maganin farko shi ne a janye lasifika daga kusurwa ko da kamu biyu ne, a ɗora ta a kan wani abu ta daidaita da kunnen mai zama, a shimfiɗa darduma ko tabarma, a rataya labule mai kauri. Duk wanda ke da hali ya fara da wannan. Sai dai nawa ne a Yamai ke da ɗakin da suka ware wa sauraro? Mutum da iyalinsa a ciki da falo na haya, falon nan shi ne wurin cin abinci, wurin karatun yara, wurin saukar baƙi. Lasifika tana zaune inda aka samu mata wuri. Wanda ya rubuta dokar kada a taɓa maɓalli yana da kafet daga bango zuwa bango da kujeru masu laushi da ɗaki na musamman. Idan aka hana mai ciki da falo maɓallin, an ƙwace masa abu guda da ya rage a hannunsa.

Na san bambancin ɗakuna da kunnena. A gidanmu na Tawa akwai tsohon ɗakin laka mai rufin azara, bangonsa mai kauri, ƙasa tabarmi, gefe tarin katifu. Rediyo mai kaset guda, kaset guda, idan na sa a can sautin yana fitowa a natse, har nakan ɗan ƙara kaifi. Na kawo su falona na Yamai, sai kaifin ya yi ta tsalle tsakanin bango da bango yana sukar kunne, dole in rage. Na'urar ba ta sauya ba, ɗakin ne ya sauya.

Sai kunnen kansa. A 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson na cibiyar bincike ta Bell Labs, suka auna yadda mutane ke jin ƙarfin sauti, suka nuna cewa kunne ba ya yi wa kowane sauti adalci. Ya fi kama abin da ke tsakanin girgiza 2,000 da 5,000, kuma idan aka rage ƙara, kauri ne ke fara ɓacewa. Wanda ya haɗa waƙa a situdiyo da ƙara mai yawa ya haɗa ta. Kai kuma ƙarfe sha ɗaya na dare kake sauraro, yara sun yi barci, ka sauke ƙarar har ƙasa. Abin da ke isa kunnenka a lokacin siririn abu ne mara gindi, ba shi ne abin da mai situdiyo ya ji ba. Domin wannan aka ƙirƙiri maɓallin Loudness, wanda ke ɗan ɗaga kauri idan ƙara ta yi ƙasa, Yamaha ma ta mai da shi abin murɗawa a yawancin ampilinta. Wato a nan ɗan ƙarin da ka yi shi ne ke matso da kai kusa da abin da aka nufa. Laifin da ake yi shi ne a danna shi da dare a manta, washegari a buɗe ƙara yana nan a danne. Ga kuma fanka da ke kaɗawa a kanmu daga Maris zuwa Yuni, ga injin wutar maƙwabci idan an ɗauke wuta. Duk suna cinye wani ɓangare na abin da muke ji, kuma babu mai situdiyon da ya yi lissafi da su.

Abin da ya tsayar da ni a kan wannan ra'ayi ba lissafi ba ne, kawuna ne. Ya haura saba'in, ya zo daga Tawa ganin likitan ido, ya yi wata guda a wurina cikin azumi. Kullum bayan la'asar yana zaune gaban rediyo yana sauraron tafsiri, ni kuma na haɗa masa ta cikin ampili don ya ji daɗi. Kwana biyu yana cewa a ƙara, ina ƙarawa, har matata ta fara rufe ƙofar ɗaki. Rana ta uku ya dube ni ya ce, "Kai, wanga malam cikin tulu shika magana?"

Sai na gane ba ƙara yake nema ba. Shekaru suna fara cin ji ne daga sama. Mafi yawan manya ba sa jin abin da ya haura girgiza 15,000 ko 16,000, tsofaffi kuwa abin yana saukowa har ya taɓa inda baƙaƙen magana suke. Wasula suna da ƙarfi, suna ƙasa, tsoho yana jin su. Amma abin da ya raba sara da shara da tsara yana can sama, tsakanin girgiza dubu biyu da wajen dubu takwas, kuma ba shi da ƙarfi. Idan wannan ya dushe, mutum yana jin ana magana, karin muryar ma yana jin hawa da saukarsa, kalmar ce ba ya kamawa. Ƙara ƙara ba ya warkar da haka, wasulan ne ke daɗa kumbura su danne sauran. Na rage kauri sosai, na ɗaga kaifi kaɗan, na ma sauke ƙarar ƙasa da inda take. Kawu ya gyara zama ya ce, "Yawwa, ɗana, yanzu ya hito." Ranar ya bi karatun har aka shafa fatiha. Ina son wanda ke cewa taɓa maɓalli cin amanar sauti ne ya gaya mini amanar wa na ci a wannan la'asar.

Yanzu mu zo ga abin da muke saurara, domin nan ne aƙidar Direct ta fi rasa wurin tsayawa a wajenmu. Ita tana ɗauka cewa akwai wani tsarkakakken asali, wanda aka ɗauka da na'urori masu tsada, ƙwararre ya zauna ya daidaita shi. Akwai irin waɗannan, ina da kaɗan, ina kuma jin daɗinsu. Amma dukiyarmu ta kiɗa ba haka aka tara ta ba. Mai gurumi a zaure, mai goge a dandali, makaɗan kalangu a gidan biki, ƴan kokawa ana yi musu kirari a fili, wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya: yawancinsu da ƙaramar rakoda aka ɗauke su, makirfo guda, wani lokaci yana kusa da ganga yana nesa da bakin mawaƙi. Babu wanda ya zauna ya ce ga yawan kaurin da nake so. Inda mai rakoda ya samu wurin tsayawa cikin taro, shi ya yanke hukunci.

Kaset ɗin kansa, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, zarensa siriri ne kuma yana tafiyar santimita 4.76 kacal a daƙiƙa, shi ya sa ba ya rabuwa da wannan huci na "sss" a bayan waƙa. Daga nan mai shago ya kwafa daga kaset zuwa kaset, wani ya kwafa daga kwafin, kowane kwafi yana zubar da kaifin gaske yana ƙara huci. Ya kwana shekaru a akwati cikin zafin da ke haura digiri 40. Sannan wani bawan Allah, Allah ya saka masa, ya juye shi zuwa MP3, aka matse shi, aka tura ta WhatsApp, aka sake matsewa. Abin da ya iso wayarka ya bi hannu goma. Wani yana zuwa da kaifi mai yanka kunne, musamman kaset ɗin da aka ɗauka da tsarin rage huci na Dolby B, wanda ya fito a 1968, aka kuma juye shi a na'urar da ba ta da shi, domin tsarin yana ɗaga kaifi wajen ɗauka da niyyar a sauke shi wajen sauraro. Wani yana zuwa da gurnanin wutar lantarki a ƙarƙashinsa, wannan "mmm" na girgiza 50 da ke shiga idan waya ba ta da kyau. Na farko rage kaifi ne maganinsa, na biyu rage kauri. Ba sa warkewa duka, amma suna komawa abin da za a iya zama a saurara har ƙarshe.

Ina da wani kaset na kiɗan gurumi da mahaifina ya bari. Idan na sa shi a Direct, minti biyar ba na iya yi, hucin ya fi tsirkiyar ƙarfi. Idan na murɗa maɓallin kaifi hagu, alamarsa ta tsaya inda ƙarfe goma yake a fuskar agogo, hucin yana ja da baya, sai ga yatsun mutumin a kan tsirkiya, sai ga numfashin da yake ja kafin ya ɗauko baiti, sai ga wata mata can nesa tana guɗa. Duk suna cikin kaset ɗin tun asali, hayaniya ce ta rufe su. Yarana sun zauna sun ji shi sau biyu. Da na bar shi yadda aƙidar ta ce, da sun tashi tun a farko, da kuma sun tafi da tunanin cewa kiɗan kakanninsu abin ciwon kai ne.

Kuma ko faifan garmaho da masu tsarkin sauti ke girmamawa, ba a miƙe aka zuba sauti a cikinsa ba. Tun 1954 aka daidaita a kan tsarin RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka: wajen yanka faifai ana sauke kauri mafi ƙasa da kusan desibel 20, a ɗaga kaifi mafi sama da kusan haka, ampili kuma ya juya abin wajen sauraro. Tashoshin FM ma suna ɗaga kaifi kafin su watsa, rediyonka ya sauke. Sauti ya sha lanƙwasa da miƙewa tun kafin ya shigo gidanka. Ɗan murɗin da za ka yi da yatsa biyu shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, kuma shi kaɗai ne aka yi da sanin ɗakinka.

To amma kada ƴan fada su ji wannan su ce na ba su gaskiya. Ƙari yana da farashi wanda ragi ba shi da shi. Kowane desibel 3 da ka ƙara, ampili yana buƙatar ninkin ƙarfinsa. Desibel 10, wato murɗa maɓallin kauri har ƙarshe, ninki goma ne. Idan gangar tana cin wat 5 a da, yanzu 50 take nema, ampilin kuma wataƙila 30 ne iyakarsa. Abin da ba zai iya bayarwa ba sai ya datse kan sautin, datsewar nan kuma tana haifar da wani kaifi mai ƙazanta da ke tafiya kai tsaye cikin ƙaramar lasifikar da ke fitar da kaifi, wadda ba a yi ta don ɗaukar zafi ba. Wani mai gyara da nake kai wa kaya ya taɓa nuna mini kwali cike da waɗannan ƙananan lasifikoki, duk sun ƙone. Ya ce, "Alhaji, kowa ya zo sai ya ce wuta ce ta yi yawa. Ni kuwa ina duba maɓallin bas na san abin da ya faru." A watan Afrilu, da ampili ke fama da zafin gari tun kafin a kunna shi, abin ya fi saurin faruwa. Wanda ke kan batirin sola kuma ya sani cewa kauri ne ke shan wuta, duk abin da ya ƙara daga daren fitilarsa yake cirewa.

Ko ba a ƙona komai ba, an yi asarar waƙar. Sauti mai kauri yana rufe na samansa fiye da yadda na sama ke rufe shi. Kalangu magana yake yi, yana bin hawa da saukar harshenmu, mai kunne yana jin sunan wanda ake kira da kirarin da ake yi masa. Idan aka kumbura gindin sautin, maganar ta nutse, sai bugu kawai ya rage. Yaran da suka tashi a kan wannan suna zaton kiɗa shi ne abin da ke girgiza ciki. Ni ina ganin in kana son ƙarin kauri, gwada rage kaifi kaɗan ka ɗan ɗaga ƙara. In kana son murya ta fito, rage kauri kafin ka taɓa kaifi. Sau da yawa inda kake son zuwa ke nan, ba tare da ka matsa wa na'urar ba. A duba wayar ma, domin da yawa an riga an ɗaga bas a cikin manhajar kiɗanta, sai a zo a sake ɗagawa a ampili, gishiri kan gishiri.

Nan ne maganar ta fita daga falo ta zama ta unguwa. Sautin da ke girgiza 10,000 tsawon zangonsa bai kai santimita 4 ba, bango yana tare shi cikin sauƙi. Mai girgiza 50 kusan mita 7 ne, yana ratsa bulo, yana bin kwano, yana shiga gidan da ke bayan naka. Maƙwabcinka ba ya jin waƙarka, dum-dum ɗin kaɗai ke isa gare shi, babu murya babu daɗi, kuma toshe kunne da matashi ba ya hana shi. A gidajen haya da ɗakuna ke jere bango ɗaya, akwai mai jego, akwai tsohuwa mai hawan jini, akwai yarinyar da ke shirin jarrabawar BEPC, akwai direban da zai kama hanyar Dosso da asuba. Addininmu ya yi wasiyya da maƙwabci har aka yi zaton za a ba shi gado, kuma ban ga yadda za a cire barcinsa daga cikin haƙƙinsa ba. Mai maɓallin kauri yana da hanyar da zai ci gaba da sauraronsa bayan isha'i ba tare da ya shiga gidan kowa ba: ya sauke shi, murya da tsirkiya su zauna a ɗakinsa. Na ce ɗan ƙarin kauri da dare yana gyara sauti, kuma haka ne, amma wannan ga mai gida shi kaɗai ne ko mai bango mai kauri. Inda bango ɗaya ya raba ka da wani, haƙƙinsa ya riga daɗin kunnenka. Shi kuwa wanda ya kulle kansa a Direct ba shi da wannan zaɓi, ko ya kashe ko ya dami mutane.

Kunnen mai sauraron ma yana da haƙƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma a desibel 90 awa 4 ne kacal. Wanda sautinsa ya dagule yakan yi ta ƙara ƙara yana neman muryar da ta ɓace, kamar yadda na yi wa kawu kwana biyu. Gyara da maɓalli yakan sa a ji a ƙasa da haka.

Ban ce a cire maɓallin Direct a jefar ba. Ina amfani da shi kusan kullum, a matsayin ma'auni. Kunne yana sabo da sauri, abin da ka ƙara jiya yau ya zama daidai a wurinka, gobe ka ƙara wani. Idan na yi gyara, nakan danna shi in ji asalin, in sake shi in ji nawa, in tambayi kaina ko na gyara ne ko na ɓata. A nan akwai tarko: duk wanda ya fi ƙara a cikin biyun kunne zai ce shi ya fi daɗi, don haka sai an daidaita ƙarar kafin a yanke hukunci. Sau da yawa, a kan waƙar da aka ɗauka da kyau, da rana, da ƙara madaidaiciya, nakan tarar asalin ya fi, in bar shi a haka in ji daɗina. Yana da wani amfanin kuma da masu ƙera shi ba su yi tunani ba. Ƙurar hunturu tana shiga cikin maɓallan tsohon ampili, sai ka ji ƙarar-ƙarar idan an murɗa, ko lasifika ɗaya ta ɗauke ta dawo. Kafin a kai wa mai gyara ya wanke, Direct yana tsallake wurin da ya lalace.

Abin da ba na so shi ne a mai da shi alamar wayewa, har mai sayen kaya ya ƙara kuɗi don ya samu ampili mara maɓalli, ya dawo gida ya tarar rabin abin da yake ƙauna ba ya sauraruwa. Wanda zai saya a Babbar Kasuwa ko wurin masu kayan hannu, ya sa mai shago ya mai da maɓallan tsakiya kafin a gwada masa, domin da yawa a ƙarshe suke ajiye su don kaya su yi ruri. Ya tafi da abin da ya saba ji a wayarsa, har da karatu ko magana zalla, ya ji ko lasifikar tana fitar da murya kamar ta mutum. Lasifikar da sai an murɗa komai ƙarshe take daɗi ba ta da kyau, kuma maɓalli ba zai sa ƙaramin akwati ya haifi kaurin da ba shi da shi ba.

Abokina na Bukoki bai sauka daga ra'ayinsa gaba ɗaya ba, har yanzu yana cewa ranar da ya gina nasa gida zai ware ɗaki ya danna Direct ya manta da sauran. Na ce Allah ya nufa, zan zo in taya shi ji. Amma mun janye lasifikokin daga kusurwa, ɗaya a kan benci ɗaya a kan akwati, matarsa ta shimfiɗa darduma a tsakiya, ƙofar ƙarfen ta daina kaɗawa. Makon jiya na koma bayan isha'i na tarar mahaifiyarsa ta zo daga ƙauye, tana zaune a kan dardumar tana jin wani tsohon wa'azi da aka turo masa a waya. Fitilar Direct a kashe take, maɓallin kauri an murɗa shi hagu, yana wajen ƙarfe tara na fuskar agogo. Na gaishe da Inna, ta ɗaga mini hannu in dakata, malamin bai kai aya ba.